Jagorar Tattara Tarihin Ƙaramin Gari da Adana Shi a Ƙasar Adar

Duk wanda ya taɓa zama a gindin bango tare da tsofaffin garuruwan jihar Tawa ta Nijar, daga Illela zuwa Buza, daga Keita zuwa ƙauyukan da ke bin kwarin Majiya, ya san cewa babu garin da ba shi da labarin wanda ya fara saran dajinsa, da rijiyar da aka fara ginawa, da shekarar da yunwa ta watsa mutane kafin su sake haɗuwa. Tarihin manyan gidajen sarauta ya samu masu rubuta shi. Farfesa Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa a yau, ya fitar da bincikensa a kan Adar kafin zuwan Turawa tun 1975, kuma mai son sanin yadda Agabba, ɗan sarkin Agadas, ya kafa mulki a wannan ƙasa zai samu inda zai karanta. Ƙaramin gari kuwa, mai masallacin Juma'a ɗaya da kasuwar mako, tarihinsa yana cikin kan mutum biyar ko shida da shekarunsu suka haura 80, da cikin wasu akwatunan ƙarfe da ke ƙarƙashin gado, waɗanda gara ta riga ta san hanyarsu.

Na yi shekaru ina koyarwa a makarantun wannan yanki, kuma sau da yawa idan matasa suka zo mini da zancen adana tarihin garinsu, abin da suke fara ambata shi ne gina gidan tarihi da neman wata ƙungiyar waje da za ta biya kuɗin siminti. A ganina ginin shi ne na ƙarshe, domin yana iya jiran shekara goma, tsoho kuwa ba shi da tabbacin ganin kaka mai zuwa. Abin da aikin yake tsaye a kai shi ne amana, wato mutane su yarda su buɗe bakinsu da akwatunansu da sanin cewa abin da suka nuna ba zai bar hannunsu ba, kuma ba za a juya shi a yaƙe su da shi ba. Matakan da ke tafe an jera su ne bisa wannan.

Neman izini da kafa kwamiti

Kafin a ɗauki muryar kowa, sai a je gaisuwa wurin maigari ko sarki, da limamin gari, sannan mai shugabantar kwamin ɗin, wato ƙaramar hukuma. A faɗa musu manufa a fili, kuma a haɗa da jimlar da za ta kwantar da hankalin kowa: wannan aiki ba na neman sarauta ba ne, ba kuma na shari'ar gona ba ne. Kada a raina wannan jimla. A garuruwanmu da zarar an ga mutum da kaye da alƙalami yana tambayar wanda ya fara zama a gari, abin da ke zuwa zuciyar mutane shi ne wani ɓangare na gidan sarauta ya aiko shi, ko kuma ana shirin tayar da tsohon rikicin iyaka.

Kwamitin ya kasance ƙarami, mutum biyar zuwa bakwai. Ana bukatar malamin boko mai iya rubuta Hausa da karanta Faransanci, da malamin zaure mai karanta Larabci da ajami, da mace aƙalla ɗaya wadda matan gari ke sakin jiki da ita, da saurayi ko budurwa mai iya sarrafa waya da kwamfuta, da kuma dattijo guda da kowane ɓangare ke jin nauyinsa. Idan a garin akwai unguwar Abzinawa ko rugar Fulani da ta daɗe a gefensa, su ma a ba su kujera tun ranar farko, saboda rijiya ɗaya ake sha da su, kuma labarin garin da za su bayar yakan cike giɓin da Hausawa suka bari. Shawarata ita ce kada shugaban kwamiti ya zama mai neman sarauta ko mai riƙe da muƙamin jam'iyya, ko da kuwa shi ne ya fi kowa ƙwazo, domin rabin gari zai rufe ƙofa saboda shi.

Aikin farko na kwamiti shi ne ya zauna da kaye guda ya rubuta sunayen duk waɗanda ya kamata a ji ta bakinsu, sannan ya jera su bisa tsufa da ƙarfin jiki, ba bisa girman muƙami ba. Wanda ya fi rauni shi ake fara zuwa wa. Kuma kada a tsaya a fada. Maroƙi yana riƙe da jerin sarakuna da kirarinsu, maƙeri ya san daga inda kakanninsa suka zo da inda ake fasa tama, ungozoma ta san wace ce aka auro daga wane gari, sarkin noma ya san tsofaffin sunayen fadamu da gonaki, tsohon ɗan biɗa ya san shekarar da mutanen garin suka fara zuwa Abijan da wanda ya buɗe musu hanya. A inda har yanzu akwai gidajen Anna masu riƙe da al'adun buɗin daji, a je musu da ladabin da ake zuwa wa kowa da shi, domin sau da yawa su ne suka riga kowa zama.

Yadda ake zaman hira

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an gama girbi har zuwa farkon bazara. Da damina kowa yana gona, da azumi kuma tsoho ba ya da ƙarfin doguwar magana. A cikin yini, da hantsi ko bayan la'asar. A je da goro kamar yadda ake zuwa gaida kowane babba, amma kada a sa farashi a kan labari, domin ranar da aka fara biyan kuɗi bisa tsawon magana, ranar ce labarai za su fara tsawo.

Wayar hannu mai kyau ta isa ɗaukar murya, muddin an kashe kiranta, an ajiye ta a kan matashi ko tabarma kusa da mai magana, kuma an nisanci bakin hanya da injin niƙa. Kafin tambayar farko, mai ɗauka ya faɗi ranar da wurin da sunan mai magana da sunan mahaifinsa da sana'arsa, da sunayen duk waɗanda ke zaune. Sannan ya tambaye shi, yayin da wayar ke ɗauka, ko ya yarda a ajiye maganarsa, ko ya yarda a sa ta a rediyo, ko kuma yana son a rufe wani sashe sai bayan ransa. Wannan yardar da aka ɗauka da muryarsa ta fi sa hannu a takardar da bai iya karantawa ba.

A fara da abin da mutum ya gani da idonsa, a bar zamanin kakanni sai ya ɗumama. Tambaya irin ta "Baba, da kuna yara ina ake ɗebo ruwa?" tana buɗe baki fiye da "Baba, ba mu tarihin garin nan", wadda ke sa mutum ya gyara zama ya karanto abin da ya saba faɗa a taron suna. Idan ya kawo labarin da ya girme shi, a tambaye shi a hankali daga bakin wa ya ji, kuma shi wancan ɗin mene ne dangantakarsa da abin. Kada a katse shi, kada a gyara masa, ko da mai tambaya ya karanta saɓanin haka a littafi. Awa ɗaya ta isa a zama guda, kuma a koma sau biyu ko uku, domin abin da tsoho ya tuna cikin dare bayan tafiyar baƙi yakan fi abin da ya faɗa a gabansu.

Mata su yi hira da mata, a cikin gida, ba tare da maza a zaune ba. Na taɓa raka wata malama wurin wata tsohuwa da aka ce ta fi kowa sanin auratayyar garinsu da garuruwan kewaye. Muddin ina zaune ba ta wuce "to, haka munka taras" ba. Da na tashi na koma zaure, sai ga ta tana rera waƙoƙin niƙa da ta koya wurin kakarta, waɗanda a cikinsu akwai sunayen rijiyoyi biyu da suka riga suka mutu, da sunan wata yunwa da mazan garin ba su ambata mana ba. A tsakiya ta ce da malamar, "Ɗiyata, kashe abin nan naki tukuna", ta faɗi abin da za ta faɗa, sannan ta ce a kunna. Idan aka ce a kashe, a kashe da gaske, kuma abin da aka ji a wannan tsakani ba ya shiga kaye.

Babbar wahala ita ce shekaru. Tsoho ba zai ce 1931 ba, zai ce shekarar fara. Takardar haihuwar da aka yi masa daga baya a gaban alƙali kuma ba abin dogaro ba ce, tunda mafi yawansu kintace ne aka rubuta, an haife shi wajen shekara kaza. Maganin wannan shi ne kwamiti ya tsara wa kansa jerin abubuwan da aka san shekarunsu, ya riƙa auna kowane labari da su. Ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine ya ƙone Birnin Ƙonni a 1899. Babbar yunwar da Hausawa da yawa ke kira Kakalaba ta faɗo a 1913 zuwa 1914, yaƙin Kawusan, jagoran Abzinawa da ya yi wa Faransa tawaye, a 1916 zuwa 1917, fara da yunwarta a 1931. An soke aikin tilas a 1946, an yi ƙuri'ar raba gardama a 1958, an samu ƴancin kai a 1960. An yi husufin rana a 1973 a tsakiyar babban fari, Seyni Kountché (Kunce) ya karɓi mulki a 1974, an yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa a 1975, sai yunwar 1984 da ake kira El-Buhari a wurare da dama, shekarar da aka fara aikin raya karkara na Keita. Idan aka tambayi mutum ko ya yi aure kafin hawan Kunce ko bayansa, ko yana da wayo lokacin ƙuri'ar 1958, nan take shekarunsa ke fitowa. Sunayen yunwa sukan bambanta daga gari zuwa gari, don haka a rubuta sunan da mutanen garin ke faɗa yadda suka faɗe shi, sannan a sa shekarar a gefe.

Za a samu saɓani, babu makawa. Gida biyu za su ce kakansu ne ya sari gari, jerin sarakunan da maroƙi ya kawo zai tsallake wanda aka tuɓe, ko ya mayar da wa da ƙane uba da ɗa. Aikin kwamiti ba alƙalanci ba ne. A rubuta ruwaya ta farko da sunan mai ita, a rubuta ta biyu da sunan mai ita, a bar su kafaɗa da kafaɗa.

Takardu, hotuna da kaset

Mutane da yawa za su ce ba su da komai a rubuce, alhali akwatin gidan cike yake. Abin da suke nufi shi ne ba su da littafin tarihi. Sai an ambata musu abubuwan ɗaya bayan ɗaya: rasiɗin bodo (haraji), katin iyali, littafin soja na kakan da ya yi yaƙi ƙarƙashin Faransa, takardar naɗin maigari, wasiƙun ajami, takardar rabon gado, kundin malam, fasfon aikin hajji, hotunan aure da na Sallah. Akwai kuma rajistar ɗaukar ɗalibai ta makarantar gari, wadda ke ɗauke da sunayen yaran farko da aka sa boko da sunayen iyayensu, kuma sau da yawa tana kwance a ƙasan wani kabad ba wanda ya buɗe ta. Kada a manta da kaset. Kafin zuwan salula, ƴan biɗa da yawa kan ɗauki muryarsu a kaset su aiko gida, iyali su mayar da amsa ta wannan hanya, kuma a cikin waɗannan saƙonni akwai farashin hatsi da labarin damina da sunayen waɗanda suka rasu a shekarar.

Ƙa'idar da ba a karya ta ita ce, a ɗauki hoton takarda a gidan mai ita, a gabansa, a mayar masa da abinsa a wannan zama. Kwamitin da ya ce a ba shi aro zai kawo gobe, to ya shirya jin cewa a garin babu sauran takarda ko ɗaya. Mutanenmu sun sha ganin wanda ya karɓi littafin kakansu da sunan bincike bai dawo ba.

Na ga yadda aka buɗe wata gafaka a zauren wani gidan malamai. Fatar ta bushe har ta tsattsage a wurin naɗi, kuma da maigidan ya zare igiyar sai jar ƙasa mai laushi ta zubo a kan buzu. Daga waje ganyayen lafiya lau suke, amma da ya ɗaga kamar kashi ɗaya cikin uku, sai ga hanyar gara ta ratsa tsakiyar rubutu kamar an bi da tsinke mai zafi. Irin waɗannan littattafai ba a ɗinke suke ba, ganye-ganye ne a jere, kuma abin da ke riƙe da tsarinsu shi ne kalmar da marubuci ke sawa a ƙasan shafi, wadda ita ce kalmar farko ta ganye mai bi. Saboda haka ba a ɗaga su a karkaɗe, ba a barin iska ta taɓa su, kuma ba a gyara jerinsu ko da an ga kamar ya rikice. A ɗauke su yadda aka same su, malamin kwamiti ya daidaita jerin daga baya a kan hotuna. A kula sosai da shafin ƙarshe, inda mai kwafi kan rubuta sunansa, wani lokaci da sunan wanda ya rubuta wa da shekarar Hijira. Don saurin lissafi, shekarar 1300 ta kama ne a ƙarshen 1882, ta 1400 kuma a ƙarshen 1979. Idan aka ɗaga ganye ɗaya a hankali ta fuskar haske, wani lokaci akan ga tambarin masana'antar takardar, irin na jinjirin wata uku da ke kan takardun Italiya da fatake suka riƙa shigo da su ta hamada, shi ma a ɗauki hotonsa.

Wajen ɗaukar hoto, a shimfiɗa baƙin ƙyalle mai tsabta a inuwa mai haske, ba cikin rana ba, kuma a kashe walƙiyar waya. A wanke hannu a busar da shi, a nisantar da shayi da ruwa. Wayar ta tsaya daidai saman takarda, gara a ɗora ta a kan katako tsakanin tubali biyu da a riƙe ta da hannu mai rawa. A ajiye ƴar ma'auni a gefe don a san girman takardar, da guntun kati mai ɗauke da lambarta. A ɗauki gaba da baya, ko da bayan babu komai, sannan a buɗa hoton a tabbata ƙananan wasulla suna karantuwa kafin a wuce. Hoton mutane kuma ba shi da amfani sosai idan ba a san su wane ne a ciki ba, don haka a zaunar da mai shi ya nuna su ɗaya bayan ɗaya daga dama zuwa hagu, a rubuta a kaye. Kaset a juye shi zuwa kwamfuta da rediyo mai lafiya, bayan an gwada rediyon da wani kaset da ba a damu da shi ba, saboda tsohon zare ba ya jure taunawa sau biyu.

Kafin a tashi, a ba mai gida shawarar ajiya. Kada a liƙa yagaggiyar takarda da salatif, kada a kai ta a rufe da roba mai zafi kamar katin shaida, domin ba a iya cire ta daga baya. A zare allurai da maƙalan ƙarfe masu tsatsa. A naɗe takardu cikin farin ƙyallen auduga, a sa a akwatin ƙarfe, a ɗora akwatin a kan duwatsu ko benci nesa da bango, a kuma buɗe shi a duba kafin damina da bayanta.

Rajista da kwafi

Abin da ba a rubuta a rajista ba, bayan shekara biyu ba wanda zai san mene ne. A sayi babban littafi mai kauri, kowane abu ya samu lamba ɗaya da ba za a sake ba wani ba. Tsari mai sauƙi ya wadatar: harafin M ga murya, T ga takarda, H ga hoto, sai shekara, sai lambar jeri. A gaban lambar a rubuta daga gidan da abin ya fito, wanda ya ɗauka, ranar ɗauka, abin da ke ciki a layi biyu ko uku, da sharaɗin da mai shi ya gindaya. Sunan da ke cikin kwamfuta ya zama daidai da lambar da ke cikin littafi. A rubuta kowace hira da Hausar da aka yi ta, da karin harshen mai magana, kada a mayar da "munka" ta koma "muka", domin harshen kansa yana cikin abin da ake adanawa.

Zancen kwafi kuwa da tsada na koye shi. Na taɓa yin zama uku da wani tsohon maroƙi, ya kawo mini jerin masu garin da kirarin kowannensu, duk na bar su a katin ajiyar waya ɗaya ina cewa sai na samu sukuni in juye. Wayar ta ɓace a tasha ranar kasuwa. Da na koma bayan damina, an yi sadakar arba'in ɗinsa, ɗansa kuma bai riƙe ko rabin kirarin ba. Tun daga ranar ba na kwana da murya a wuri ɗaya. Kowane abu ya kasance da kwafi uku: ɗaya a kwamfutar kwamiti, ɗaya a faifan ajiya da ke wani gida dabam, ɗaya kuma a wajen gari gaba ɗaya, a hannun amintaccen ɗan gari da ke Tawa ko Yamai, ko a ma'ajiyar intanet. WhatsApp hanyar aikawa ce, ba ma'ajiya ba, kuma yana rage ingancin hoto idan ba a tura shi a matsayin takarda ba. Zafi da ƙurar ƙasarmu suna kashe na'ura da wuri, saboda haka a kunna kowane faifai aƙalla sau ɗaya a shekara, a sabunta shi bayan ƴan shekaru, kuma a buga muhimman hirarraki a takarda.

Abin da ke Yamai da can gaba

Bayan an tattara na gida, sai wakili ɗaya ko biyu su je Yamai. A ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa akwai rahotannin rangadin kwamandoji da bayanan da suka rubuta a kan yankunan da suka mulka, inda akan samu ƙidayar mutane da dabbobi da sunayen masu gari. A nemi sunan garin da kowace irin rubutawa, domin Bafaranshe ya rubuta abin da kunnensa ya ji, shi ya sa Tawa ta zama Tahoua, Buza ta zama Bouza. A karanta waɗannan takardu da lura, tunda ta bakin tafinta aka samo su, daga mutanen da suka san cewa ƙidaya bodo take jawowa. Cibiyar binciken IRSH ta jami'ar Abdou Moumouni tana da sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami wanda ya samo tushe daga abin da Boubou Hama ya tara, kuma can ne za a samu masu taimakawa wajen gane littafin da ya gagari malamin gari. Cibiyar CELHTO, wadda aka kafa a Yamai a 1968 domin tarihin baka, ita ma wurin neman shawara ce. Wasu takardun zamanin mulkin mallaka suna Dakar, wasu suna Aix-en-Provence a Faransa, amma wannan sai aiki ya yi nisa, kuma ɗalibin gari da ke karatu a can ya isa ya duba.

Kuɗi, ɗaki da mayar wa gari abinsa

Kuɗin da ake bukata a shekarar farko ba shi da yawa: kaye, faifan ajiya biyu, man babur, goro da buga takardu. Ƙungiyar ƴan asalin gari da ke Yamai ko Abijan ko Legas za ta iya ɗaukar wannan idan kowa ya sa jika ɗaya a wata, kuma ƴan biɗa sukan fi na gida ɗokin jin labarin garinsu. Sharaɗin kawai shi ne ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a bainar jama'a. Tallafin waje, irin na shirin ceto takardun da ke cikin haɗari na babban ɗakin karatun Ingila, yana da amfani idan an riga an yi rajista an san abin da ake da shi, amma a karanta sharuɗɗansa da kyau, musamman na sa hotuna a intanet, a kuma koma wurin masu takardu a nemi yardarsu kafin a sa hannu. Mai zuwa sayen tsohon littafi ko kayan da aka tono daga kufai kuwa a sallame shi, dokar 1997 ta kare kayan tarihin ƙasa.

Sai yanzu zancen ɗaki ya zo. Kabad ɗin ƙarfe guda mai makulli a makaranta ko a ma'aikatar magajin gari ya isa farawa, a ɗakin da ba ya yoyo, da yarjejeniya a rubuce cewa kayan na gari ne, ba na wanda ke kan kujera ba. A raba abin da ke ciki gida biyu. Akwai wanda kowa zai iya gani, akwai kuma wanda aka rufe: abin da mai shi ya ce sai bayan ransa, asiran kundin malamai, da duk maganar da ta taɓa asalin wani gida ta fuskar bauta, wadda fitarta za ta iya ɓata auren jikokin da ba su san hawa ba balle sauka. Wanda ya zo neman kwafi don ya kai gaban alƙali a rikicin gona, a gaya masa abin da aka gaya wa maigari tun ranar farko.

Jama'a ba za su ci gaba da tallafa wa abin da ba su gani ba. Duk gidan da aka yi hira da tsohonsu a kai musu kwafin muryarsa, a wanke hotonsa a ba su. A nemi rabin awa a rediyon gari a sa sassan da aka yarda a sa, domin washegari za a ga waɗanda suka ce ba su da komai suna aiko yaro ya kira kwamiti. Malaman makaranta su ba ɗaliban aji na ƙarshe aikin tambayo sunayen unguwanni da rijiyoyi da ma'anarsu. Kashegarin Babbar Sallah, lokacin da ƴan gari na nesa suke gida, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar fada ko a filin makaranta, a rataya hotunan da aka wanke a kan igiya, a ajiye mutum da kaye kusa da su, saboda a nan ne wata tsohuwa za ta tsaya ta gane fuskar da kowa ya kasa ganewa. A wannan zama ne kuma za a karanta lissafin kuɗi, a ƙidaya abin da ke cikin kabad a gwada da rajista, a sake duba jerin tsofaffin da ba a kai ga zuwa wurinsu ba, sannan a ɗauki matasa biyu sababbi da za su bi masu hira a ranin da ke tafe, ɗaya ya riƙe waya, ɗaya ya riƙe kaye.